Fasa dutse kusa da gari: mu san abin da doka ta ce

Ƴan uwa manoma da makiyaya, da dutse da tsakuwa ake gina gidaje da gadoji da hanyoyin mota. A Malbaza, cikin jihar Tawa, dutse ake haƙa ana yin siminti da shi. A Damagaram kuma, maza da mata da yawa suna ciyar da iyalinsu da fasa dutse da guduma. Sana'a ce ta halal. Amma in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba, mutanen gari ne ke ɗaukar wahalarta.

Ina ɓarnar take?

Ta farko ita ce ƙura. Ƙurar dutse tana da laushi ƙwarai. Tana shiga can cikin huhu ta zauna. Bayan shekaru sai mutum ya kama tari, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Wannan cuta ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rufe hanci da rawani bai isa ba. Abin da ya fi shi ne a yayyafa wa dutse ruwa kafin a fasa, a kuma sa takunkumin da aka yi domin ƙura.

Ta biyu ramuka ne. In an gama haƙa aka tafi, ramin yakan cika da ruwa da damina. Sauro ya hayayyafa, masassara ta ƙaru. Yara su je wanka su kamu da tsargiya, wasu ma ruwa ya ci su. Bisashe su faɗa ciki.

Ta uku gona ce. Inda aka kwashe ƙasar sama, hatsi ba ya yi.

Mi doka ta ce?

A shekara ta 1998, Nijar ta kafa babbar doka ta kare muhalli. A 2018 aka ƙara wata dokar, wadda ta ce kafin a fara babban aikin da zai taɓa ƙasa ko ruwa ko lafiyar jama'a, sai an binciki illarsa, kuma sai an saurari mutanen wurin. A 2022 aka yi sabuwar dokar ma'adinai. Ga abu uku da ya kamata mu riƙe:

1. Ba a buɗe wurin haƙar dutse sai da izinin hukuma.
2. Wanda aka ɓata wa gona yana da haƙƙin diyya.
3. Wanda ya haƙa, shi ke da nauyin gyara wurin bayan ya gama.

Doka kuma ta hana a sa yara aiki mai haɗari. Wurin yaro makaranta ne.

Mi za mu yi?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In mun ga an zo ana auna fili, kada mu jira sai motoci sun fara jigila. Mu taru wurin mai gari, maza da mata. Mu tambayi mai aikin: Ina takardar izini? Nisan ramin nawa ne daga rijiya da gidaje da burtali? Ta ina motoci za su bi? Wa zai cike ramin, kuma yaushe?

Duk abin da aka yarda da shi, a rubuta, a sa hannu gaban kwamitin kula da filaye, wato Kofo. Gari ya ajiye takarda ɗaya. In an saɓa alkawari, kada mu ɗauki sanda. Mu ɗauki takardarmu, mu kai kuka ofishin kwamin ko wurin ma'aikatan muhalli.

Nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake. Wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Mu karanta wa maƙwabtanmu wannan shafi a dandali. Ƙasar nan gado ce, ƴaƴanmu za mu bar wa ita.