Masu ƙera jirgin sama a gareji sun fara komawa fenti mai ruwa

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa ƙaramin jirgin sama a gidansa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Jiragen RV na kamfanin Van's Aircraft, waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa, sama da 10,000 sun riga sun tashi. Sai dai feshin fenti ya daɗe yana ba maƙeran tsoro, saboda tururin tina yana kama wuta, yana kuma cutar da huhu.

Shi ya sa wasunsu suka rungumi fentin da ake sirkawa da tataccen ruwa, irin na kamfanin Stewart Systems. Warinsa kaɗan ne, kuma da ruwa ake wanke bindigar feshin.

Amma yana son haƙuri. Ana fara fesa shi sama-sama kamar raɓa, a jira ya yi danƙo, sannan a ƙara. Mai gaggawa zai ga fentin yana zuba. Idan iska ta yi laima, bushewa takan yi jinkiri.

Haɗarin ma bai gushe ba. Fentin da ake haɗawa da maganin ƙarfafawa yakan ƙunshi sinadarin isosiyanat mai jawo asma, don haka abin kare numfashi dole ne.

Akwai kuma nauyi. Fenti mai kauri a kan sassan da ke juya jirgi yana iya sa su kaɗawa a sama har su karye. Saboda haka, bayan feshi, sai an sake duba daidaiton nauyinsu kafin jirgi ya tashi.