Sukari: Sunan da Ya Yi Fatauci Daga Indiya Har Norwe

Duk mai kanti ya san farashin buhunsa, amma kaɗan ne suka san irin tafiyar da sunan ya sha. Bajamushe na cewa Zucker, ɗan Norwe sukker, ɗan Albaniya kuma sheqer, wanda ake furtawa kusan "shekyer". Ai kunnen Bahaushe ma ya ji ɗan'uwansa a ciki.

Tushen yana Indiya. A tsohon harshen Sanskirit, sharkara na nufin tsakuwa ko ɓurɓushin yashi, saboda kamannin ƙwayoyinsa. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka mayar da shi sukkar, suka kuma kai noman rake Sisili da Andalus.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Italiyawa suka karɓa daga Larabci, suka ce zucchero, fatake suka haura da shi tsaunuka zuwa Jamus. Norwe kuwa ta samu nata ne daga bakin 'yan kasuwar arewacin Jamus, irin waɗanda suka kafa zango a birnin Bergen suna sayen busasshen kifi. Kifin nan dai har gobe Najeriya na sayensa daga can. Albaniya fa? Ita ta hannun Turkawa ta karɓa, masu cewa şeker, don daular Usmaniyya ta mulke ta ɗaruruwan shekaru kafin 'yancin kai na 1912. Shi ya sa "sh" ɗin Farisa ya tsira a bakinsu. Mu ma biyu muka gada: sukari daga Larabci, suga daga Turanci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cutar. Yadda muke cewa ciwon suga, haka Jamusawa ke cewa Zuckerkrankheit, mutanen Norwe sukkersyke, Albaniyawa sëmundja e sheqerit. Dattijon da ya je gaida ɗansa a Hambok, in ya faɗi wa likita "Zucker" yana nuna kansa, an gane shi. Haka ma bayan gwangwanin madara ko kwalin biskit: kalmar ke nan da za a duba kafin a saya wa mai lalurar.

A Jamus ɗin kuma, ƙaramar Sallah ana kiranta Zuckerfest, wato bikin sukari, fassarar yadda wasu Turkawa ke kiranta saboda alewar da ake raba wa yara. Musulmi da dama a can ba sa son sunan. Cewarsu, wata guda aka yi ana azumi, ba don alewa ba.