Ƙofofin da Muke Bari a Buɗe a Intanet

Daga kasuwar IBB ta Suleja zuwa Madalla, yanzu da wuya ka shiga babban shago, ko gidan mai, ko makarantar kuɗi, ba ka ga kyamarar tsaro maƙale a lungu ba. Mai shago na zaune a gidansa a Kwamba, ko ya maƙale a cunkoson Zuba, sai ya zaro waya ya ga abin da yaransa ke yi. Madalla da wannan ci gaba. Abin da masu haɗa kyamarar ba su cika faɗa ba shi ne, hanyar da maigida ya bi ya leƙa shagonsa, wani ma na iya bin ta.

Duk na'urar da ta hau intanet sai an ba ta lamba, ita ake kira adireshin IP: lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255. Amma adireshi kaɗai bai isa ba. Wanda aka ce masa "je ka kasuwar IBB" ya san inda zai nufa, sai dai bai san shagon da zai tsaya ba sai an ba shi lambarsa. Haka kowace na'ura take da ƙofofi masu lamba, har zuwa 65,535, kowane aiki da tasa. Shafukan da aka kulle da sirri, irin na banki, ta ƙofa ta 443 suke bi. Waɗanda ba a kulle ba ta 80. Hoton kyamara sau da yawa ta 554. Adireshi da lambar ƙofa in sun haɗu, su masu rubuta manhaja ke kira soket, tsarin da ya fito daga Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1983.

Tsohon tsarin adireshin, IPv4, bai wuce guda biliyan 4.3 ba, kuma tun watan Fabrairun 2011 babbar ma'ajiyar duniya ta raba na ƙarshe. Rabon Afirka yana hannun AFRINIC da ke tsibirin Morishus. An fito da sabon tsari, IPv6, amma har yau yawancinmu a kan tsohon muke, muna karo-karo. Duba saitin waifai a wayarka, galibi za ka ga lamba mai farawa da 192.168. Wannan ta cikin gida ce, duniya ba ta ganinta. Rauta ko MiFi ɗinka ce ke fita da sunan kowa, kuma a layukan waya kamfani kan haɗa ɗimbin mutane a kan adireshi guda.

Wannan ƙarancin ya zama mana garkuwa ba da niyya ba: baƙo daga waje ba ya iya ƙwanƙwasa wayarka kai tsaye. Matsala na farawa ne ranar da aka huda garkuwar. Mai haɗa kyamara ya buɗe ƙofa a rauta don maigida ya riƙa kallo daga nesa, ko ya haɗa kyamarar da manhajar kamfanin da ya ƙera ta ta hanyar ɗaukar hoton lambar da ke jikin akwatin. Sannan ya bar kalmar sirri yadda ta zo daga kwali, "admin" ko "12345", ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa. Wani lokaci ma asusun manhajar na nan a wayarsa. Ba na cewa masu wannan sana'a macuta ne, mafi yawansu gaggawa ce kawai, amma waya takan ɓace, takan kuma canza hannu.

Kada ka ce wa ya san da shagonka. Ba mutum ke nema ba, manhajoji ne ke zagaye adireshin duniya dare da rana suna taɓa ƙofofi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta ƙofa ta 23, ba da wata dabara ba, illa gwada kalmomin sirrin da aka saba bari. Da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa. Masu kyamarorin ba su ma san an yi da su ba.

Don haka, kafin mai haɗa kyamarar ya tafi, ka sa ya nuna maka inda ake canza kalmar sirri, ta kyamara da ta rauta, ka canza da hannunka bayan ya fita. Ka tambaye shi ƙofofin da ya buɗe, wadda ba ta da amfani a rufe ta.

Akwai kuma batun bayar da waifai. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su na shekara biyu, ta kuma ce shagunan intanet su riƙe rajistar masu shiga. In maƙwabci ya yi damfara ta MiFi ɗinka, sawun da masu bincike za su bi zai tsaya ne a kan layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinka, daga nan sai ka fara bayani.

A ɗaya ɓangaren, kada wani ya tsorata ka a Facebook da cewa ya ga IP ɗinka, ya san gidanku, ka turo kuɗi. Adireshin ba ya nuna unguwa, balle ƙofar gida. Mutumin Suleja kan duba nasa ya ga an rubuta Abuja ko Legas. Kamfanin layi ne ke iya haɗa shi da suna.

Ga 'yan'uwa matasa masu koyon rubuta manhaja kuwa: in kana gwada saba a kwamfutarka, ɗaura soket ɗin a kan 127.0.0.1, wato kwamfutar kaɗai ke jin kanta. In ka sa 0.0.0.0 don ka gani a wani darasi, to duk wanda ke kan waifai ɗaya da kai, a shagon intanet ko ɗakin kwanan ɗalibai, zai iya isa ga abin da kake gwadawa, har da rumbun bayanan da ba ka sa wa kalmar sirri ba.