Ƙaramin Injin Milin Da Aikin Gyaran Ƙarfe A Gashuwa

Tattalin arzikin ƙasar Bade da Nguru ya dogara, fiye da yadda ake lura, a kan ƙananan injuna masu juyawa: injin ban-ruwa da ke jan ruwa a fadamun Komadugu Yobe da dausayin Hadeja da Nguru, da injin gyaran shinkafa, da na markaɗe, da na sussuka, da baburan da ke jigilar amfanin gona zuwa kasuwa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, da fuli da giya da boris, kuma duk abin da ke juyawa cikin ƙura da zafi sai ya ci. Idan ramin makullin shaf, wato tsagin da ɗan ƙarfen da ke riƙe fuli yake zama a ciki, ya zaizaye, abin da mai walda a Katuzu ko wata unguwa ta Gashuwa ya saba yi shi ne ya cike wurin da walda, sannan ya sake tsaga shi da giranda da magagari bisa kiyasin ido. Gyaran yakan yi aiki na wani lokaci, amma da yake ramin bai zauna daidai tsakiya ba, fuli yakan riƙa rawa har ya cinye boris, mai injin kuma ya sake dawowa a tsakiyar kaka, lokacin da tsayawar kwana ɗaya asara ce babba. Matsalar ba ta rashin gwaninta ba ce, domin hannun ɗan Adam, komai ƙwarewarsa, ba ya riƙe ma'aunin da ya gaza kaurin gashi. Aikin na wata na'ura ce da ake kira injin milin.

Injin milin na'ura ce da ke sassaƙar ƙarfe da wuƙa mai haƙora da yawa wadda ke juyawa a wuri ɗaya, yayin da ake ɗaure ƙarfen a kan tebur mai tafiya hagu da dama, gaba da baya, kan injin kuma yana hawa da sauka. Wannan ne ya bambanta shi da injin juya ƙarfe, inda ƙarfen ne ke juyawa wuƙar tana tsaye, abin da ya sa wancan ya fi dacewa da abubuwa masu zagaye, milin kuma da shimfiɗaɗɗiyar fuska da tsagi da rami mai kusurwa. Ya kuma bambanta da injin huda ƙarfe na tsaye, ko da yake sun yi kama a ido, domin an gina injin huda ne don ya danna ƙasa kawai, kuma idan aka tilasta masa yanka ta gefe sai bakinsa ya saki, wuƙar ta fice.

An fara ƙera irin wannan inji a masana'antun bindigogi na arewa maso gabashin Amurka a farkon ƙarni na 19, kuma an daɗe ana jingina shi ga Eli Whitney wajen 1818, kodayake masana tarihi na baya sun nuna cewa maƙera da dama ne suka haɗu a kan ƙirar. A 1861 Joseph Brown na kamfanin Brown & Sharpe ya tsara wanda zai iya yanka tsagi mai murɗiya, a 1938 kuma kamfanin Bridgeport ya fito da samfurin da har yau ake kwaikwayo, mai nauyin kusan tan ɗaya. Ƙananan da ake ɗorawa a kan tebur sun yaɗu ne daga baya, da injunan Rong Fu na Taiwan da na Sieg na birnin Shanghai, kuma mafi yawan masu sayensu a Turai da Amurka masu sha'awa ne da ke ƙera ƙananan injuna a bayan gida don nishaɗi. A arewacin Yobe lissafin daban ne, domin na'urar da wani ya saya don hutun ƙarshen mako tana iya zama jarin da zai ɗauki shago da yaran shago, saboda haka kuskure wajen zaɓenta ya fi tsada a nan.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne nauyi da ƙarfin jiki, ba ƙarfin mota ba, duk da cewa ƙarfin motar ne masu talla suka fi rubutawa da manyan baƙaƙe. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da haƙorin wuƙa ya shiga ƙarfe yana tura injin baya, kuma idan jikin bai da kauri sai ya lanƙwasa kaɗan ya dawo, ya haifar da karkarwa mai ƙara wadda ke ɓata fuskar aiki ta kuma karya haƙora. Ƙarfen zubi mai nauyi ne ke shanye wannan karkarwa. Injuna irin na Sherline, waɗanda ba su kai kilo 20 ba, suna da kyau ƙwarai ga mai gyaran agogo ko mai aikin tagulla, amma ba su da hurumi a kan shaf ɗin injin shinkafa. Sieg X2 da danginsa, masu nauyin kilo 50 zuwa 70 da mota mai wat 350 zuwa 500, su ne mafi ƙanƙanta da za su iya yanka baƙin ƙarfe, shi ma a hankali. Wanda ke son ya ci abinci da injin, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne ya jure ya tara kuɗin mai nauyin kilo 150 zuwa 300, domin a wannan fanni araha ba ta ado.

Bayan nauyi sai ginshiƙin da kan injin ke hawa a kai. Akwai mai zagaye kamar bututu, irin na RF-30, wanda aibinsa shi ne da zarar an sassauta kan don a ɗaga shi sai ya karkata gefe, ma'aunin da aka ɗauka ya ɓace. Akwai kuma mai tsagi wanda kan ke zamewa a cikinsa ba tare da ya kauce ba, kuma shi ne ya fi sauƙin aiki. Sannan a duba bakin sandar da ke riƙe wuƙa, wanda yake da rami mai tsukewa bisa ma'auni sananne, galibi MT2 ko MT3 ko R8, domin duk kayan da za a saya nan gaba sai sun dace da wannan rami, kuma wanda ya sayi inji mai baƙon ma'auni zai sha wahalar neman kayansa ko a Kano. Haka nan a tabbatar lambobin da ke jikin hannayen juyawa na milimita ne, ba na inci ba. Wasu ƙananan injunan suna da giyar roba a cikin kai, wadda ke karyewa idan wuƙa ta cije, don haka mai aiki da bel ya fi dacewa da garin da kayan gyara ke da nisa.

Batun wuta yana buƙatar kulawa ta musamman. Lantarkin Nijeriya bolt 230 ne, saboda haka injin da aka yi wa kasuwar Amurka mai bolt 110 ba zai yi aiki ba sai da taransifoma. Mafi yawan ƙananan injuna kuma suna da allon lantarki mai sarrafa gudu, kuma shi ne ke fara ƙonewa idan wuta ta yi sama da ƙasa, kamar yadda ƙaramin janareta ke yi musamman idan injin walda na jan wuta a layi ɗaya. Sitabilaiza mai kyau wajibi ce, kuma da yake motar ba ta cin wuta sosai, sola mai inbata ingantacciya tana iya ɗaukarta, rana kuwa ba a rasa ta a Gashuwa.

Kuskuren da sababbin masu saye suka fi yi shi ne kashe duk jarin a kan injin, alhali shi kaɗai ba ya yanka komai. Ana buƙatar bais na milin, wato matsewar ƙarfe mai daidaitattun leɓɓa, da kolet, wato zoben da ke damƙe wuƙa ta kowane gefe, da wuƙaƙe masu kauri daban-daban, da ƙarafan ɗauri, da kalifa da maikuromita na awo, da agogon awo mai allura wanda ke nuna kaucewar kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kuɗin waɗannan yakan kusanci na injin kansa. Ba a riƙe wuƙar milin da bakin riƙe bakin huda, komai matsin da aka yi masa, domin ba a yi shi don ƙarfin gefe ba.

Kafin yanka na farko sai an ɗaure injin da noti a kan tebur mai nauyi, a wanke man ajiyar da ya zo da shi da kananzir, sannan a daidaita kan ya tsaya cak a kan tebur ta hanyar ɗaura agogon awo a bakin sanda a zagaya da shi, har allurar ta nuna lamba ɗaya a hagu da dama. Akwai kuma abin da ake kira wasan zare, wato ɗan juyin banza da hannu ke yi kafin tebur ya motsa idan an sauya alkibla. Ba a kawar da shi gaba ɗaya, sai dai a saba isa ga kowane ma'auni daga ɓangare guda. Gudun juyawa shi ma yana da ƙa'ida: wuƙar ƙarfe mai tauri da ake kira HSS tana son ta shafi baƙin ƙarfe mai laushi da gudun mita 25 zuwa 30 a minti, wanda ke nufin juyi kusan 900 a minti ga wuƙa mai kaurin milimita 10, da ninkinsa ga mai milimita 5, yayin da alminiyam ke ɗaukar ninki uku ko fiye. Idan ɓarɓashin da ke fita ya koma shuɗi, gudun ya yi yawa kuma wuƙar tana ƙonewa.

Yanka ramin makulli shi ne aikin da zai fi kawo kuɗi a wannan yanki, don haka ya cancanci a bi shi daki-daki. Bisa ma'aunin da masana'antu ke bi, shaf mai kaurin milimita 20 yana ɗaukar makulli mai faɗin milimita 6, da rami mai zurfin milimita 3.5. Ma'aikacin yakan kwantar da shaf ɗin a bais ya matse, ya sa wuƙa mai haƙora biyu ta milimita 6 a kolet, ya liƙa siririyar takarda da ɗigon mai a gefen shaf, sannan ya matso da tebur sannu a hankali har wuƙar da ke juyawa ta fizge takardar, alamar ta taɓa gefe ke nan. Daga nan sai ya ɗaga kan, ya tura tebur milimita 13, wato rabin kaurin shaf da rabin kaurin wuƙa, wanda ke kai shi tsakiya, ya kulle wannan ɓangare don kada ya motsa. Sai ya saita gudu wajen juyi 1,300, ya ɗiga mai, ya riƙa sauka rabin milimita a kowace wucewa, yana share ɓarɓashi da buroshi, har sau bakwai. Makullin da ya shiga wannan rami da ɗan bugun guduma, ba ya rawa ba ya kuma tsaga, shi ne ke sa fuli ya yi shekaru a wurinsa.

Wajen yanka gefen ƙarfe, ƙa'idar ƙaramin inji ita ce a tura aikin ya fuskanci haƙoran wuƙa, kada ya bi bayansu, domin idan ya bi, wuƙar kan kama ƙarfen ta ja tebur gwargwadon wasan zaren da ke ciki, kuma a nan ne ake karya wuƙa ko giya. Haɗarin jiki ma ba ƙarami ba ne, kuma suturar wannan ƙasa tana ƙara shi: hannun babbar riga ko jallabiya, da bakin rawani, da safar hannu, duk abubuwa ne da sanda mai juyawa ke iya naɗewa cikin ƙiftawar ido. Tabarau na kariya dole ne, ba a kuma share ɓarɓashi da yatsa ko a hura shi da baki.

Mafi yawan ƙarfen da ke zuwa hannun masu gyara a nan tsoho ne daga kasuwar gwangwan, ba wanda ya san irinsa, kuma wani, kamar ganyen sifirin na mota ko zoben boris, yana da taurin da ke wahalar da wuƙar. Gwajin mai sauƙi ne: a goga magagari a kai, idan ya kama ya ci, injin ma zai ci; idan ya zame yana ƙara, sai an kai ƙarfen maƙera an gasa shi ya yi ja, a binne shi cikin toka ya huce a hankali kafin a yanka. A wannan gaɓa tsohuwar sana'ar ƙira da sabuwar na'ura suke buƙatar juna, domin ilimin tausasa ƙarfe da sake ba shi tauri yana hannun maƙeran gargajiya tun kafin jirgin ƙasa ya iso Nguru wajen 1930. Wurin da aka cike da walda shi ma yakan yi tauri, saboda haka ana yanka shi da gudu kaɗan, ko a juya shaf ɗin a buɗe sabon rami a ɗaya gefen.

Babban abokin gabar injin a arewacin Yobe shi ne ƙura. Rairayin hunturu idan ya haɗu da man da ke kan hanyoyin zamewar tebur yakan zama abin goge ƙarfe, ya cinye daidaiton da aka saya da tsada, kuma ƙurar giranda ta fi shi ɓarna. Don haka ba a ajiye milin a rumfar bakin titi kusa da mai walda. Yana son ɗaki mai ƙofa, da mayafin da za a rufe shi bayan aiki, da sharewa da sabon mai kowace safiya, ba baƙin man da aka juye daga mota ba. Haka kuma teburin ƙaramin inji ba ya tafiya fiye da taƙi ɗaya ko biyu, saboda haka share fuskar kan injin mota da yanka manyan giyoyi za su ci gaba da tafiya manyan shagunan Kano, kuma mai shagon da ya karɓi irin wannan aiki don kwaɗayin kuɗi yakan ɓata kayan mutane ya kuma gajiyar da injinsa.