Yadda Ƙwaya Ke Mallakar Ƙwaƙwalwar Matashi

A garakan albasa na fadamar Tarka, da kasuwannin Madawa da Buza da Keita, yaro ba ya fara shan tramol don neman maye. Ƙarfin ban ruwa yake nema, ko jurewa wuni kan kabu-kabu, ko wahalar cin rani. Asalinsa maganin ciwo ne da aka fara sayarwa a Jamus a 1977. Ƙwayar asibiti miligiram 50 ce, kuma ba a wuce 400 a wuni. Wadda ake shigowa da ita a ɓoye daga Indiya kuwa, guda ɗaya takan kai 225.

Allah Ya sanya wa ƙwaƙwalwa wani sinadari, dofamin, wanda ke fita idan mutum ya samu abin da ke amfanar jikinsa. Shi ne ke sa kurɓin farko na buɗa-baki ya zauna a rai. Aikinsa ya ce wa mutum: riƙe wannan, ka sake nemansa. Ƙwaya tana sa ya kwararo fiye da kima, sai ƙwaƙwalwa ta kāre kanta, ta rage jin sa. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Abinci da hira da ganin iyali duk su rasa armashi. A ƙarshe yana sha ne kawai don kada jiki ya yi masa ciwo, zufa ta karyo, barci ya ƙaura. Idan ya zarce, farfaɗiya na iya kayar da shi.

To, me ya sa matashi ya fi saurin kamuwa? Sashen sha'awa yakan nuna tun lokacin balaga, amma sashen da ke bayan goshi, mai auna ƙarshen al'amari, ba ya gama ginuwa sai wajen shekara 25. Doki ya ƙosa, linzami bai yi ƙwari ba. Kuma a shekarun nan ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa hanyoyin da ake yawan bi. Mutanen Adar sun san yadda ruwa ke zaizayar tudu: inda ya bi bana, nan zai bi baɗi, har ya zama kwazazzabo. Wani bincike a Amurka a 1997 ya gano cewa wanda ya fara shan giya kafin shekara 15 ya ninka wanda ya jira shekara 20 sau huɗu wajen haɗarin kamuwa.

Azumi kan tona wannan, domin da rana ta take za ka ga mai shan ƙwaya cikin hamma da ƙunci da saurin fushi. Uban da ya lura da haka kada ya fara da duka ko kora. Yanke tramol dare ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha yana jigata jiki ƙwarai, kuma yakan mayar da shi ga mai sayarwa. A kai shi asibiti, likita ya riƙa rage masa kaɗan-kaɗan, a raba shi da fadar da ya koyo sha a cikinta, ko da bayan salla.