Yadda Ake Mayar da Tsohon Gida Masaukin Baƙi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Masaukin baƙi mai kiyaye muhalli gida ne da aka tsara gininsa da ruwansa da wutarsa yadda ba zai ci mai da siminti da yawa ba, kuma ba zai cuci maƙwabta ko ƙasar da yake kai ba. Hanya mafi sauƙi ta samun irinsa ita ce gyara tsohon gida maimakon rushe shi. Sarrafa siminti kaɗai na haifar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin carbon dioxide da ke ɗumama duniya, don haka duk bangon da aka bari a tsaye riba ce ga mai gida da kuma ga muhalli.

Kudancin Jihar Katsina na da tsofaffin gidaje iri biyu. Akwai gidajen ƙasa na gado, masu zaure da soraye, a tsofaffin unguwannin Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, da Maska da Bakori da Kafur. Akwai kuma gine-ginen zamanin cinikin auduga, waɗanda suka biyo bayan isowar jirgin ƙasa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920 da kafa injinan gurzar auduga na kamfanin BCGA, wanda har yau wata unguwa a Funtuwa ke amsa sunansa. Waɗannan na biyun galibi suna da bango mai kauri da rufin kwano mai tsawo da baranda.

Kafin a taɓa bango sai a san wa zai kwana a ciki. Baƙin wannan yanki ba 'yan yawon buɗe ido ba ne, musamman ganin matsalar tsaro da ta addabi wasu sassansa a shekarun nan. Yawancinsu fatake ne masu zuwa awon masara da dawa da waken suya a kasuwanni irin su Dandume, da masu sayen tumatir da rake a Danja, da wakilan kamfanonin iri da taki, da ma'aikata, da 'yan biki. Buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024 na iya ƙara yawansu. Abin da irin wannan baƙo ke nema shi ne ɗaki mai sanyi, ruwan wanka, wurin cajin waya, wurin ajiye mota, da kwanciyar hankali. Ado na zuwa daga baya.

Sai batun mallaka, wanda shi ne ya fi kashe irin wannan aiki tun bai fara ba. Tsohon gida sau da yawa gadon mutane da yawa ne, wasu suna Kaduna, wasu suna Legas, wasu mata ne da ke gidajen aure. Dole a raba gadon ko a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a nemi izinin hukumar tsara birane na sauya gidan zama zuwa na kasuwanci. Mai unguwa da maƙwabta ma suna da ta cewa, domin sunan otal ba ya da daɗin ji a cikin unguwa, kuma rajistar baƙi da ƙa'idoji bayyanannu su ne ke kawar da zargi.

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa. Ƙasar Funtuwa na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, fiye da birnin Katsina da Daura nesa ba kusa ba, shi ya sa sorayen nan suka fi saurin lalacewa idan aka yi sakaci. Magini yakan fara dubawa daga sama: ko rufin na yoyo, ko indararo ya toshe ko ya karye har ruwa na bin bango, ko azara ta lanƙwashe. Daga nan ya sauko gindin bango, inda ruwan da ke fantsama da damshin ƙasa ke cin ginin a hankali. Tsagewar da ta tsaya a kan yaɓe ba abin damuwa ba ce. Wadda ta ratsa bango daga sama har ƙasa, ko ta raba kusurwa biyu, alama ce ta cewa tushe ya motsa, kuma wannan sashe sai an sake shi. A ƙarshe a nemi hanyar gara a jikin katako da azara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Da farko yakan yi kyau, amma ƙasa da siminti ba sa kama juna sosai, kuma zafi da sanyi ba sa motsa su daidai. Filastar takan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa mafita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ranar da ɓawon zai zubo gaba ɗaya. Magina na da sun san maganin wannan. Suna yin yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, su bi ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗannan na korar ruwan sama, amma suna barin damshin ciki ya fita. Sharaɗinsu ɗaya ne: a riƙa sabunta su kafin damina. Inda siminti da dutse ke da amfani shi ne dakalin gindin bango, da magudanar ruwa, da daɓen banɗaki.

Rufi na buƙatar shawara mai kyau. Azarar giginya na jure gara shekaru da dama, amma tsawon da take ɗauka ba tare da tallafi ba bai wuce kimanin mita 2 ba, wanda shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga don faɗaɗa ɗaki, kamar yadda Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Yau giginya ta yi ƙaranci, don haka duk azarar da ke da lafiya a tsohon gida a ajiye ta a sake amfani da ita. Ga yanki mai ruwa irin wannan, dabara mai kyau ita ce a bar rufin ƙasan yadda yake, a ɗora kwano a samansa da tazara a tsakani, bakinsa ya zarce bango sosai. Kwanon ya tare ruwa, iska ta ratsa tsakani, ɗakin ya zauna da sanyinsa. Wasu za su ce zankwaye sun ɓuya, kuma gaskiyarsu, amma ana iya barin fuskar zaure a buɗe da adonta.

Tsarin gidan Hausa kansa ya dace da masauki. Zaure ya zama wurin karɓar baƙi, shigifa ta zama ofis ko wurin sallah, ɗakunan da ke kewaye da tsakar gida su zama na kwana, a ware sashen iyali da na mata daban. Abin da tsofaffin ɗakuna suka rasa shi ne haske da iska, don haka akan ƙara tagogi masu fuskantar juna, da raga saboda sauro, ba tare da an matsa kusa da kusurwa ba. Banɗaki ya fi kyau a gina shi sabo da bulo, a jingine amma ba a manne da tsohon bango ba, kuma kada a binne bututun ruwa a cikin ginin ƙasa, domin ɗigo kaɗan ya isa ya kawo shi ƙasa.

Wuta ita ce ke cinye ribar masaukai, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 2023. Bango mai kauri na shan zafin rana ya riƙe shi sai dare, saboda haka fanka kan wadatar a yawancin watanni, ko da yake a bazara wasu baƙi za su nemi na'urar sanyaya ɗaki. Sola da batir na iya ɗaukar fitilu da fankoki da firji da famfon rijiya, wutar kamfanin KEDCO ta zama ƙari, janareta ya koma na ko-ta-kwana. Faifan sola ya ɗan karkata ya fuskanci kudu, kuma a lokacin hunturu sai ana share masa ƙura a kai a kai.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne: rufi mai faɗin murabba'in mita 100 na tara lita kusan 100,000 a damina irin ta Funtuwa. Ko wani ɓangare aka tara a tanki ya isa wanki da ban ruwa, kuma ya rage ruwan da ke kwanciya a gindin bango. Ruwan wanka ya tafi ga ayaba da zogale da bedi, amma a dasa manyan itatuwa nesa da gini saboda saiwa. Ramin masai kuwa ya yi nisan kimanin mita 30 da rijiya.

Akwai misalai a ƙasar Hausa da maƙwabta. A Agadas, wadda UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, wani tsohon gidan sarauta da ke daura da babban masallaci ya daɗe da zama otal. A Dandaji ta Nijar an mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, da hannun maginan garin. Gidan Ɗan Hausa a Kano da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina duk na ƙasa ne, kuma har yau ana amfani da su. A irin waɗannan wurare kulawar shekara-shekara ce ke riƙe gini. Don haka mai son yin masauki a Funtuwa ko Malumfashi ya ware kuɗin yaɓe da gyaran indararo a kasafinsa na kowace shekara, ya kuma nemi tsohon magini ya haɗa shi da matasa masu koyo tun ranar da aka fara aiki.