Me Ya Sa Robar Fitsari Ke Toshewa, Kuma Mene Ne Amfanin Shafen da Ake Yi Mata?

Duk wanda ya taɓa jinyar dattijo mai kumburin furostet, a Agege ne ko Sabo ta Ibadan, ya san wahalar robar fitsari. An sa ta lafiya lau, bayan 'yan makonni sai fitsari ya tsaya, zazzaɓi ya taso, a koma asibiti da dare. Wasu su ce ai jabu aka sayar musu a kemis. Wani lokacin haka ne, amma galibi abin ya fi nan zurfi.

Duk wani baƙon abu da aka shigar cikin jiki, ko roba ko ƙarfe, cikin daƙiƙu kaɗan furotin da ke cikin jini ko fitsari ke mannewa a jikinsa. Wani masani ɗan asalin ƙasar Holan, Leo Vroman, ya nuna a shekarun 1960 cewa furotin ɗin ma rige-rige suke yi: wasu su fara sauka, wasu su zo su ture su. To wannan shimfiɗar ita ce tabarmar da ƙwayoyin cuta ke zama a kai. Su hayayyafa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi irin wanda ake gani a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, kuma magani da ƙyar yake ratsa shi. Akwai wata ƙwayar cuta, Proteus mirabilis, da ke sauya sinadarin fitsari har ƙananan duwatsu su taru su toshe bututun.

Dabarar masana ita ce a hana furotin wurin sauka tun farko. Sai a shafe robar da polima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙi. Wanda ya fi shahara shi ne PEG, mai son ruwa ainun: yana riƙe siririn ruwa a saman robar, furotin ya zo ya rasa inda zai kama. Matsalarsa, iskar oksijin tana lalata shi idan ya daɗe a jiki.

Masana a Japan, Nakabayashi da Ishihara, sai suka kwaikwayi jikin ɗan Adam kansa. Fatar ƙwayar jini tana ɗauke da sinadarin fosforilkolin a waje, wanda furotin ba ya yawan manne masa. Suka haɗa polima mai suna MPC da ke kama da shi. Yau ana amfani da irinsa a gilashin ido na liƙawa, an kuma yi amfani da shi a ƙananan bututun da ake sa wa jijiyar zuciya.

Amma fa kada wani mai shago ya ce maka shafen yana hana cuta gaba ɗaya. Jinkirtawa kawai yake yi. Robar danƙo zalla ta ɗan gajeren lokaci ce, ita kuwa ta silikon ko mai shafen haidurojel tana iya kaiwa mako 12 idan ba ta toshe ba. Don haka in an rubuta maka ka sayo wa Baba, tambayi nas wace iri ce da ranar canji. Jakar ta zauna ƙasa da mafitsara, a wanke hannu kafin a taɓa ta. In fitsari ya tsaya ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a nufa, ba a zare ta a gida, domin akwai ɗan balan-balan da ke riƙe da ita a ciki.